Azumin Kwano Uku

Azumin bana ya zo da sauƙi. Yini gajere ne, iska na da ɗan sanyi, kafin maƙogwaro ya gama bushewa rana ta faɗi. 'Ya'yana da suka girma a nan Lanham, a jihar Maryland ta Amurka, har ƙorafi suke yi wai sun galabaita, ni kuwa kallonsu kawai nake yi. Shekaranjiya ina neman murfin tukunya a can ƙuryar kabad, hannuna ya faɗa kan wani kwanon samira mai ruwan ƙwai, wanda na zo da shi daga Kano cikin kayan aure. Na juya gindinsa, ga ɗigon jan farce nan da na sa masa don kada ya ɓace a gidan biki. Sai na zauna a kujerar kicin da shi a cinya, murfin tukunyar ma ban sake bi ta kansa ba.

Azumin da kwanon ya tuna mini cikin Agusta ya faɗo, a shekarun da bankuna ke ƙwace gidajen mutane. Wanda bai yi bazara a Maryland ba sai ya ce ai ba a ba mutumin Kano labarin zafi. To namu na gida busasshe ne, kana shiga inuwa ya sake ka. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da aka kwaso daga igiya ba ta gama bushewa ba, kuma bai san inuwa ba. Mu yi sahur da duhu, sannan rana ta fito ta ƙi faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Ƙwarin da ke kan bishiyoyi suna ta ƙara tun hantsi har kai ya ɗau zafi. Ni a lokacin ina aiki a kantin magani a Wheaton, a tsaye nake yini, in na shiga mota da yamma sitiyari ba ya taɓuwa sai na naɗe hannu da gefen mayafi.

Wahalar ba ta zafi kaɗai ba ce. A kanti tsofaffi na tambayata ko za a ba su rabin maganin, su dawo karɓar sauran in wata ya ƙare. A unguwa sai ka ga ciyawar wani gida ta yi tsayi, labule ya ɓace daga taga, shi ke nan ka san mutanen sun kwashe. Masallacinmu tsohon shago ne da muka kama haya tsakanin mai gyaran taya da mai wankin kaya. Mazan da a da ba a ganinsu sai Juma'a suka koma cika sahun azahar ranar Talata, kuma ba wanda ya tambaye su dalili.

Maƙwabciyata Ladi ce ta jawo ni cikin aikin rabon abinci. 'Yar Pankshin ce, Kirista, nas a ɗakin haihuwa, gidanta na kallon nawa. Cocinsu na raba shinkafa da gwangwanaye duk Asabar, amma jama'a sun fi ƙarfin wurin, mu kuma muna da filin ajiye motoci a gaban masallaci. Ta ce mu haɗa hannu. Muka yi ta zarya ofishin gunduma neman izini ni da ita, a tura mu sama, a dawo da mu ƙasa, har ranar da aka tsayar da mu gaban wasu mutane masu makirfo a kan dogon tebur. Ladi ta yi musu magana cikin natsuwa. Ni da aka zo kaina sai bakina ya riga ni, na ce musu in ciyawar gefen titi ce ta dame su za mu aske ta da kanmu, amma yunwa ba ta jiran zama na gaba. Suka ba mu izini, ina jin don su rabu da ni ne.

Duk Asabar layi ya miƙe tun kafin mu buɗe. Akwai 'yan Salbado, akwai baƙaƙen Amurka, akwai 'yan Saliyo da tsofaffin Turawa masu sanda. Bahaushe ko ɗaya babu. Namu zai zo ya ɗauki buhu ya loda wa wani a mota, ya yi masa addu'a, ya koma gida ya sha shayi ba madara. Abin yana ba ni haushi, don na san waɗanda ke cikin matsi, su ma sun san na sani.

Wadda ta fi damuna Rabi ce. Bakatsiniya ce, ƙanwar bayana da shekaru, Yaya take ce mini. Mijinta Bashir injiniya ne a wani kamfanin gina gidaje, da gini ya tsaya aka sallame shi, ya tafi Texas wajen wani abokinsa neman aiki. Ya bar ta da 'yan mata biyu ƙanana, Amira da ƙanwarta, ga kuma ciki ya fito. Motarsu aka ce an kai ta gyara, gyaran da har yau ba a gama ba. Kafin wannan hali Rabi ce mai cika wa baƙo faranti har sai ya rantse ya ƙoshi, in ana suna a unguwa tukunyarta ce ta fi ta kowa girma. Tun da mijin ya tafi ta daina shigar da mutane falo, a bakin ƙofa take gaisawa da kowa, tana murmushi, tana cewa gidan a hargitse yake.

Azumi bai yi nisa ba Ladi ta tare ni ina fitowa daga mota.

"Hajiya, matar nan ba ta cin abinci. Cikin yana girma, ita tana ƙanƙancewa. Na duba cikin idonta, fari fat."

Na ce ai azumi take yi. Ladi ta tambaye ni ko addininmu ya ce mai ciki ta yi ta azumi ko da tana faɗuwa. Na ce bai ce ba, an ɗauke mata, sai ta rama daga baya. Ina faɗa sai na gane abin da Rabi ke yi. A watan azumi ba wanda zai ga hayaƙi bai tashi a gidanka ba da rana ya yi mamaki, ba wanda zai ga leɓenka a bushe ya tambaya. Ɗan abin da ke gidan take ba yara, ita kuma ta fake da watan.

Na je na same ta. Na yi ta kewaye-kewaye, ni da ban iya ba, tana amsa mini da alhamdu lillahi, suna cikin rufin asiri, Baban Amira ya kusa samun wuri. Da na gaji sai na fito fili na ce ta leƙo ranar Asabar. Fuskarta ba ta canja ba, amma na ga hannunta ya ƙara riƙe ƙofar.

"In masu taya aiki kuke nema, Yaya, zan zo idan Allah ya sauke ni lafiya."

Ladi ma ta gwada nata. Ta gaya mata akwai tallafin madara da ƙwai da hukuma ke ba masu ciki, ba sadakar kowa ba ce. Rabi ta yi godiya, ta ce Baban Amira ba zai so sunansu ya shiga wajen hukuma ba alhali takardunsu ba su gama fitowa ba. Daga ranar ta rage buɗe wa Ladi ƙofa.

Hajiya Mariama ce ta kawo shawarar da muka ɗauka. 'Yar Maradi ce, ta girme mu duka, tana ɗinki a wani bene a tsallaken babban titi. Ta yi mana faɗa, ta ce mun daɗe a ƙasar Nasara har mun manta. A gida wa yake tambayar mutum ko yana jin yunwa? Ciyayya ake yi, ka zuba abin da ka dafa a kwano ka aika wa maƙwabci, ba wanda ya ba wani sadaka. Na ji daɗin maganar har na tafa mata hannu. Muka shirya kowace yamma kafin shan ruwa kwano uku za su shiga gidan Rabi, nawa, na Mariama, da na Ladi, wadda ta ce ba sai tana azumi ba za ta ciyar da mai azumi.

Haka muka fara. In na dawo daga aiki ko takalmi ban gama cirewa ba na ɗora mai, in soya ƙosai ko funkaso, in zuba miyar taushe, in rufe kwanon samiran nan in kai. Mariama na aiko da dambun shinkafa da zogale irin nasu. Ladi kuma gwaten acca, daga accar da mahaifiyarta ta aiko mata take tattali kamar zinariya. Rabi ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka. Washegari bayan la'asar sai ga ta a ƙofata da jaka a kafaɗa, gumi ya jiƙa hijabinta, ta dawo da kwano. Kuma kamar yadda aka koya wa kowace 'yar Hausa tun tana ƙarama, kwanon bai taɓa dawowa haka ba. Ran farko dabino ne a ciki. Rana ta biyu cincin. Daga nan sai abinci sosai, mai zafi, an yi masa ado da soyayyar albasa.

Ni kuwa da wautata har murna nake yi. Na ce wa maigidana ashe abin bai kai yadda Ladi ke zuzutawa ba, ga shi mata na girki har da na bayarwa. Na ci dambunta na yaba, na ce ashe Katsinawa ma sun iya zogale, da yake iyaka ɗaya suke da Maradi.

Ranar wata Asabar muna tsaye a filin masallaci muna ƙulla shinkafa a leda, kwalta na tururi, takalmina har yana mannewa. Mariama ta ce mini wallahi yarinyar nan Rabi ta iya ƙosai, kamar naki sak, har da 'yar cittar nan da kike sawa. Hannuna ya tsaya a cikin buhu. Ban san wadda ke sa citta a ƙosai ba sai ni da uwar da ta haife ni. Na tambayi Ladi me ta samu jiya a kwanonta. Ta ce miyar taushe da funkaso. Na ce ni kuma dambu da zogale nake ci duk makon nan, shekaranjiya ma har da wani abu mai kama da fate, an daka an canja masa kama, amma accar Ladi ce.

Muka tsaya muna kallon juna, layi na jira. Abincina yana zuwa gidan Mariama da na Ladi, nasu yana zuwa nawa. Rabi na ɗiba wa yara kaɗan, ta adana sauran, washegari ta ɗumama, ta canja masa kwano, ta ɗauko a kafaɗa. Ba mu ƙara mata loma ɗaya ba. Abin da muka ƙara mata shi ne tafiya gida uku a ƙafa cikin wannan rana, da ciki, da azumi, har da tsallaka titin da motoci ba sa tsayawa kowa.

Ranar muka yi rigimar da ba mu taɓa yi ba. Ni na ce yanzun nan zan je in faɗa mata mun gane, ta daina wannan wasa da rai. Mariama ta riƙe mini hannu, ta ce in Rabi ta san mun gane za ta rufe ƙofa, ko sallama ba za ta ƙara amsawa ba, kuma 'yar lomar da yara ke samu ma ta yanke. Ladi ta jefar da ledar da ke hannunta.

"Ku da kunyar nan taku. Ni na san yadda jariri ke fitowa in uwa ta bushe. Ba na so in karɓe ta a wurin aikina, Hajiya. Ba na so."

In mun daina aikawa mun yanke wa yara, in mun ci gaba muna ƙarasa uwar.

Sai na yi dabarar da na ɗauka ta ƙare magana. Na sayo farantan nan marasa nauyi da ake ci a jefar, na ce mu riƙa zubawa a ciki, ai abin da ake jefarwa ba a mayar da shi. Washegari Rabi ta zo da nawa a wanke, ta miƙe lanƙwasar gefensa da yatsa. A ciki akwai kwalbar humra, an yi amfani da rabi. Mariama ta samu turmin atamfa da ba a ɗinka ba. Wato ta fahimci abin da farantin ke nufi, ta kuma amsa mana da kayan akwatinta. Na karɓa ina murmushi, na rufe ƙofa na jingina da ita, raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba. Muka koma kan kwanukanmu, don gara ta juya abinci da ta kwashe akwati.

Da aka shiga goman ƙarshe maza suka yi watanda. Suka haɗa hannu suka sayi sa a wata gona a Virginia, aka yanka a can, aka ware rabi don masu layin Asabar su ma su ci nama kafin Sallah. Da yake ni ce mai babbar firiza a gareji, a wajena aka ajiye.

Bayan kwana kaɗan hadari ya taso da la'asar. Tun safe garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, iska ta yi nauyi har numfashi sai an ja. Sai gabas da yamma suka haɗe, gari ya yi wani duhu mai kore-kore, iska ta zo gaba ɗaya. Ina tsaye a taga na ga kwandon sharar Ladi ya bi titi, na ji bishiyar bayan gidanmu ta tsage. Wuta ta yi ƙyaf sau biyu ta tafi. Ruwan bai daɗe ba, kuma bai kawo sanyi ba, yana ɗaukewa ƙasa ta fara tururi.

Washegari ba wuta. Wayoyin lantarki na kwance a titi, fitilun mahaɗa a mace, gidajen mai a rufe. Maigidana ya zaga kantuna neman ƙanƙara da gawayi, ya dawo hannu rabbana. Kwana na biyu da hantsi na ɗaga murfin firiza, na danna naman da yatsa ya lotsa, ruwan jini ya taru a ƙasa. Bai fara wari ba, amma ya kusa. Mafita ɗaya ce, a tafasa shi a soya kamar naman layya tun kafin yamma. Murhuna na lantarki ne, na Ladi haka, na benen su Mariama haka. Gida ɗaya ne a cikinmu mai murhun gas, tsohon gidan jan bulo da ke ƙarshen layi, gidan da ba wanda ya wuce bakin ƙofarsa tun da Bashir ya tafi.

Muka loda naman a manyan kuloli muka tafi mu uku. Na ƙwanƙwasa. Rabi ta buɗe ƙofar kaɗan, kamar kullum.

"Rabi, yau ni na zo roƙo."

Na gaya mata halin da ake ciki. Ta dubi kulolin, ruwan jini na ɗiga a kan matakalarta, ƙudaje sun fara taruwa. Ta waiga cikin gidan, ta sake duban titi. Na san abin da take aunawa, ita ma ta san na sani. In ta ce a'a ba ni da wata ƙofar, kuma ba naman kaɗai nake tsoron rasawa ba.

"Yaya, gidan ba a gyara ba."

"Nawa ma ba a gyara ba. Naman mutane ne, Rabi, ba nawa ba. In ya lalace ban san da wane ido zan kalli layin Asabar ba. Ki rufa mini asiri."

Sai ta matsa gefe.

Falon ya yi faɗi fiye da yadda na san shi. Ba talabijin, ba teburin cin abinci, sai sawun ƙafafunsa a kan kafet. Kicin ɗin fes yake, irin tsabtar wurin da ba a girki. Mariama ta buɗe kabad neman gishiri, ta tarar da gishirin, da kwalin shayi, da rabin ledar taliya, shi ke nan. Ladi da sabo ta ja ƙofar firji, babu komai sai gorunan ruwa. A gefen murhu kuma ga kwanukanmu uku a jere a rufe, waɗanda hadari ya hana ta mayarwa. Ban buɗe nawa ba, na san dambun Mariama ne a ciki, kuma ya riga ya lalace. Rabi na tsaye a bakin kicin, ta sunkuyar da kai.

"Kuran ɗin nan ya cuce mu," in ji Mariama, tana tura ƙofar firjin da gwiwar hannu. Kuran suke ce wa lantarki a Nijar. "Ni ma da safe na kwashe duk abin da ke cikin nawa na zubar. Yau kowa nasa fayau yake. Rabi, ina babbar tukunyar sunan nan taki?"

Aiki ya kankama. Ni da Mariama muna yanka, muna wankewa, Rabi na kan wuta. Muka buɗe tagogi, ba iskar da ta shigo. Murhu huɗu na ci, tururi ya cika ɗakin, gumi na bin bayana har ƙafa. Wanda bai taɓa soya rabin sa da azumi a bakinsa cikin Agusta ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙamshin na shiga hanci ya sauka cikin ciki ya murɗa shi, harshe ya yi kauri, miyau ya ƙafe. Ladi ce mai ɗanɗana gishiri, da yake ita kaɗai ce ba ta azumi, Mariama na tsokanarta wai yau ta ga amfanin ajiye Kirista a kusa. Yaran na zaune a bakin ƙofa da hanta a faranti, suna ci ba sa magana. Sau uku ina ce wa Rabi ta zauna, tana cewa a gidanta baƙi ba sa tsayuwa ita tana zaune.

Bayan azahar na ji cokali ya faɗi. Na waiga na ga Rabi ta dafa bango tana zamewa. Ladi ta riga ni, ta tare ta, ta kwantar da ita a ƙasa nesa da mai, ta ɗora ƙafafunta a kan kula. Ta riƙe wuyan hannunta tana ƙirgawa, ta tambaye ta yaushe ta ji motsin cikin na ƙarshe. Rabi ta ce tun jiya ba ta lura ba. Na ga fuskar Ladi, na kashe murhun duka.

Ladi ta zuba sukari da ɗan gishiri a kofin ruwa ta kai mata baki. Rabi ta kawar da kai, ta ce tana azumi. Ladi ta dube ni, kallon da ke cewa wannan ba nawa ba ne, naku ne. Na durƙusa a kan tayil ɗin da ke santsi da mai.

"Rabi, Allah ya ɗauke miki wannan azumin, ke ma kin sani. Mu ne muka ɗora miki abin da bai ɗora miki ba."

Ta juya ido wajen kwanukan da ke gefen murhu. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Kwano uku kullum, Yaya. Da me zan mayar? Uwata ba ta taɓa mayar da kwanon mutane haka ba."

Mariama ta rufe fuska da gefen zaninta. Ni kuma na ce mata ta sha don wanda ke ciki, shi ba ruwansa da kwano. Ta sha. Ladi ta ƙara mata, ta sake sha. Sannan Ladi ta ɗora tafinta a kan cikin ta yi shiru, mu ma muka yi shiru. Ba ƙarar firji, ba ƙarar na'urar sanyi a duk unguwar, sai man da ke hucewa a kasko da ƙwarin bishiya a waje. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya, na koma farko.

"Ya motsa," in ji Ladi. "Ga shi ya sake."

Duk da haka ta sa ta a mota ta kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa. Ni da Mariama muka ƙarasa suyar. Sun dawo rana na shirin faɗuwa. Muka shimfiɗa tabarma inda teburin yake a da, muka juye tuwo da nama a babban tire guda ɗaya, muka kewaye shi, har da Ladi da yara. Ba kwanon kowa a wurin, ba abin da za a mayar. Ina ci ina satar kallon hannun Rabi yana zuwa yana dawowa, kuma ban taɓa jin daɗin kallon mutum yana cin abinci kamar ranar ba.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan wasu kwanaki, kuma duk kwanakin a gidanta muka yi girki muka sha ruwa, tunda gaskiya ce ba mu da wani murhun. Ranar Asabar masu layi suka samu soyayyen nama a leda. A ranar ce kuma na kafa dokar da har yau ake bi, cewa duk wanda ya sa hannu a aikin rabo sai ya ɗauki jaka ɗaya ya fita da ita a idon kowa, limami ne ko fasto. Wata matar likita ta ce ita me za ta yi da gwangwanin wake. Na ce ta kai mota ta yi abin da ta ga dama da shi, amma sai ta ɗauka, ko ta daina zuwa. Ta ɗauka tana harara. Daga wannan makon Hausawa masu taya aiki suka yi yawa har muna rasa abin da za mu ba su su yi. Rabi ma ta zo, muka ba ta kujera a inuwa tana ƙulla sukari, da aka tashi ta ɗauki jakarta kamar kowa.

Yanzu rabon yana da ɗakinsa, da firji manya, da janareta, matasa ke gudanar da shi. Abincin maƙwabta kuma a roba yake zuwa, ba mai sa wa kwano alama. Bashir ya samu aiki ya dawo. Yarinyar da aka haifa da shigowar sanyi ta zo 'yar mitsitsiya, amma da murya, yau ta fi uwarta tsayi, in na yi mata Hausa ta amsa mini da Turanci.

Amma abin da ya zaunar da ni a kujera shekaranjiya wani ne. A wancan azumin, ana saura kwana biyu Sallah, wuta ta dawo, kowa ya koma kicin ɗinsa, na rasa yadda zan yi. Na daɗe ina kallon kwanon nan kafin na cika shi da funkaso na kai wa Rabi. Washegari da yamma, bayan rana ta yi sanyi, aka ƙwanƙwasa. Rabi ce, ba jaka a kafaɗa, kwanon kaɗai a hannunta. Ta miƙo, na ji shi sakayau. Na ɗaga murfin a gabanta, a wanke yake, a goge, babu ko ƙwayar dabino. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mun cinye, Yaya. Har Amira ta suɗe."

Na riƙe shi da hannu biyu, na ce mata gobe ma akwai.